Ruwan Kamaru ba ya hawa tudu zuwa Barnawa

Tun bayan ambaliyar 2012, da wuya a yi damina a Najeriya ba a ji labarin nan ba: Kamaru ta buɗe madatsar ruwanta, ruwa yana nan tafe, duk wanda ke bakin kogi ya yi ta kansa. Da zarar Agusta ya raba tsakiya an shiga marka, sai labarin ya fara zagaya wayoyin mutane, har da na mazauna Kakuri da Barnawa da Nasarawa da Sabon Tasha, a kudancin kogin Kaduna. Wani lokaci da Hausa yake zuwa, wani lokaci da Turancin buroka, galibi a saƙon murya, haɗe da bidiyon wani gari da ruwa ya shanye wanda ba a faɗi sunansa ko shekararsa ba. Masu turawa ba mugunta suka nufa ba. Tsoro ne, da son ceton nasu.

Madatsar da ake nufi ita ce ta Lagdo, wadda aka kammala a 1982 a kan kogin Binuwai, kudu da garin Garwa a arewacin Kamaru. Gaskiya ne idan ta cika hukumomin can sukan saki ruwa, ruwan kuma yakan ƙara wa mutanen Adamawa da Taraba da Binuwai da Kogi wahala a kan wahala. A 2012, shekarar da hukumar NEMA ta ƙirga mutum 363 da suka rasu da fiye da miliyan 2 da suka bar gidajensu, sunan Lagdo ya shiga bakin kowa. Ya sake dawowa a 2022, lokacin da mamatan suka haura 600. Akwai ma tsohon shirin da Najeriya ba ta cika ba har yau, na gina madatsar Dasin Hausa a Adamawa domin ta tare abin da Lagdo ta sako. Saboda haka jita-jitar tana da asali, kuma asalin ne ya ba ta tsawon rai.

Sai dai taswira ba ta goyi bayanta ba a Kaduna. Kogin Kaduna yana tasowa ne daga tsaunukan Jos, kusa da Vom. Ya gangaro ya ratsa birnin Kaduna, ya karkata kudu maso yamma ya bi ta Shiroro da Zungeru, sannan ya faɗa kogin Neja, wanda Hausawa ke kira Kwara, a ƙasar Nupe daura da Pategi, bayan tafiyar kimanin kilomita 550. Ruwan Lagdo kuwa ta Yola da Makurdi yake bi, sai a Lokoja yake haɗuwa da Neja, can ƙasa da inda kogin Kaduna ya riga ya zube. Birnin Kaduna yana kan tudun da ya kai kusan mita 600 sama da teku, mahaɗar Lokoja ba ta kai mita 100 ba. Kafin ɗigo guda na ruwan Kamaru ya taɓa dokin ƙofar wani gida a Barnawa, sai ya juya baya ya yi ɗaruruwan kilomita yana hawa tudu, ya tsallake bangon madatsun Zungeru da Shiroro. Su ma waɗannan madatsu biyu, da wasu kan ɗora wa laifin, a ƙasan birnin suke.

Wannan bayani bai fi a yi shi cikin minti ɗaya ba. Abin tambaya shi ne me ya sa labarin ƙarya ya fi shi karɓuwa, kuma amsar tana cikin abin da mutane suka gani da idonsu. Mazaunin bakin kogi ya sha ganin ruwa ya cika ya batse a ranar da sararin Kaduna yake fayau, babu hadari ko na ɗaukar shanya. Hankali ba ya yarda da sakamako marar dalili, don haka sai ya nemi hannun da ya buɗe wata ƙofa. Abin da ba a gaya masa ba shi ne kogin da ke bayan gidansa yana ɗauke da ruwan da aka tafka a tuddan Filato, da wanda kogin Galma ya kwaso daga ƙasar Zazzau, da na ƙoramu masu yawa da ke tsakani, kuma ruwan yakan ɗauki lokaci yana tafiya kafin ya iso. Wanda ya ce wa wannan mutum “ƙarya ce” kawai, ya ƙwace masa bayanin da yake da shi bai ba shi wani ba. Zai koma ga tsohon, domin rami ba ya zama babu abin cikewa. Illar kuwa ba ƙarama ba ce: mutumin da ya kasa kunne ga labaran Kamaru zai kwanta da kwanciyar hankali a daren da aka ce ba a buɗe madatsa ba, alhali a daren ne ya kamata ya tambayi ɗan'uwansa da ke Jos ko Zariya irin ruwan da aka yi musu.

A 'yan shekarun nan an samu sabuwar amsa, wadda jami'ai da 'yan jarida suka fi so: sauyin yanayi. Amsar tana da gaskiya a cikinta, amma yadda ake furta ta ya mai da ita wata Lagdon, wato wani mai laifi na nesa da ba a iya kai ƙararsa.

Matsalar ta fara ne daga kalmar kanta. A Hausa “yanayi” yana ɗaukar halin da sama take ciki yau da safe, yana ɗaukar lokacin shekara, yana ɗaukar halin da marar lafiya ya kwana, har da halin tsadar kasuwa. Idan hunturu ya kama yara suka fara mura, uwa takan ce sauyin yanayi ne, kuma daidai ta faɗa. To wannan uwar ce ke jin mai gabatar da shiri a rediyo yana cewa sauyin yanayi barazana ce ga duniya. Me za ta ɗauka, in ba cewa masana sun tara taro a ƙasar waje don su gano cewa bazara takan bi bayan ɗari ba? Turanci ya ware kalma ɗaya ga halin sama na yini, wata dabam ga ɗabi'ar wuri ta shekaru talatin ko fiye, mu kuwa muka zuba su a ƙwarya guda. “Ɗumamar duniya”, da wasu gidajen rediyo ke amfani da ita, ta fi kusa da manufa, ko da yake ita ma tana barin mai sauraro da tambayar yadda zafi ke haifar da ambaliya.

Tambayar tana da amsa mai sauƙi, kuma duk wadda ta taɓa shanya tufafi ta san rabinta. Iska mai zafi ta fi mai sanyi shan ruwa. Masana sun auna cewa duk ƙarin zafi na digiri ɗaya yana ba iska ikon riƙe ƙarin tururi na kimanin kashi 7 cikin ɗari. Tun da aka fara ƙona kwal da man fetur da gas a masana'antu, iskar kabon da ke sararin duniya ta tashi daga kimanin kashi 280 cikin miliyan zuwa fiye da 420, kuma wannan iska tana aiki ne kamar bargo, tana hana zafin da ƙasa ta sha komawa sama. Duniya ta ƙara zafi da fiye da digiri ɗaya, kuma 2024 ta kafa tarihin zafin da ba a taɓa auna irinsa ba kafin ta. Hadarin da ya haɗu a irin wannan iska ya fi na da nauyi, in ya tashi saukewa kuma yakan sauke a lokaci guda. Wani bincike da Christopher Taylor da abokan aikinsa suka wallafa a mujallar Nature a 2017, bisa hotunan tauraron ɗan'adam na shekaru 35, ya nuna cewa manyan hadura mafiya ƙarfi a yankin Sahel sun ninka sau uku tun daga 1982. Bayan ambaliyar 2022 kuma, ƙungiyar masana ta World Weather Attribution ta ƙiyasta cewa ɗumamar duniya ta sa irin daminar da aka yi a yankin tafkin Chadi ta fi yiwuwa da kusan sau 80, ta kuma ninka yiwuwar ruwa mai ƙarfi na 'yan kwanaki a ƙasan kogin Neja kusan sau biyu.

A lura da inda aka yi waɗannan awo. Sahel ne, da tafkin Chadi, da ƙasan Neja. Kaduna tana kudu da Sahel, tana samun ruwan da ya kai kimanin milimita 1,200 a shekara, mafi yawansa a Agusta da Satumba. Ɗan jaridar da ya ɗauki “sau 80” ya liƙa wa ambaliyar Unguwar Romi ya yi abin da mai saƙon Kamaru ya yi, ya ɗauko gaskiyar wani wuri ya dasa ta inda ba nata ba. Abin da za a iya faɗa da ƙarfin gwiwa shi ne ruwa mai ƙarfi yana ƙara yawaita a Afirka ta Yamma, kuma babu dalilin zaton kogin Kaduna zai tsira daga wannan. Wannan kaɗai ya isa a tashi tsaye.

Sauran labarin a ƙasa yake, kuma shi ne ɓangaren da kalmar sauyin yanayi take rufewa. Ƙidayar 1963 ta ba Kaduna mutum kimanin 150,000. Lokacin da kamfanin Max Lock ya fitar da tsarin birnin a 1967, kudancin kogi masaƙun Kakuri ne da unguwannin ma'aikatansu, sai ƙauyukan Gbagyi da gonaki da fadamu. Yau birnin ya haura miliyan nesa ba kusa ba. Bayan rikicin Fabrairun 2000 da na Nuwamban 2002, jama'a sun yi ƙaura a cikin garinsu, Musulmi da yawa suka koma arewa da kogi, Kiristoci da yawa suka tsallako kudu, unguwanni irin su Narayi da Sabon Tasha da Romi da Gonin Gora da Kamazou suka kumbura cikin 'yan shekaru. Daga baya aka ƙara da waɗanda 'yan bindiga suka koro daga ƙauyukan Chikun da Kajuru. Mai neman fili da ɗan kuɗi kaɗan inda ya fi araha yake nufa, kuma a kowane gari fili mafi araha shi ne wanda ruwa ya sani. Fadamar da a da take shanye ambaliya ta bar wa manomi laka mai albarka, yanzu bulo ne da siminti. Magudanun da ke akwai sun cika da ledar ruwa da robobi. Ruwan da ƙasa za ta tsotse a hankali yana gudu a kan kwano da kwalta ya isa kogin Romi da sauran rafuka a lokaci ɗaya.

Kogin ya yi gargaɗi a Agustan 2003, ya shiga unguwannin gaɓoɓinsa biyu, ya sake yin wani a Satumban 2015. Bai tambayi kowa inda yake ibada ba. Bayan kowanne an yi jaje, an raba katifu da shinkafa, an ci gaba da sayar da filaye a inda ruwan ya kwanta. Wani ne ya sayar, wani ya sa hannu a takarda, wani ya kau da kai lokacin da ake aza harsashi. Idan jami'i ya tsaya a gaban gidan da ya rushe ya ce sauyin yanayi ne ya jawo, bai yi ƙarya ba, amma ya zaɓi rabin gaskiyar da ba ta da ofis a Kaduna.

Akwai wani nau'in wannan kuskure da ke faɗawa kan talaka. Sau da yawa shirin wayar da kai yakan ƙare da yi wa mai girki da gawayi faɗa, kamar ita ce ta ɗumama duniya. Sare itatuwa yana da illa ta gaske, yana zaizaye ƙasa, yana ƙara wa unguwa zafi, yana sa ruwa gudu. Amma duk nahiyar Afirka ba ta fitar da fiye da kashi 4 cikin ɗari na iskar kabon da duniya ke fitarwa daga mai da kwal. Matar da kuɗin gas ya kore ta zuwa ga gawayi ta san ba sha'awa ta kai ta ba, kuma daga ranar da aka ɗora mata laifin masana'antun Amurka da Turai da Sin ta daina sauraron shirin.

Daina sauraro shi ne babbar asara, domin yarda a wannan yanki ba ta da yawa tun asali. A Kakuri har yanzu akwai tsofaffin ma'aikatan masaƙar KTL, wadda aka kafa a 1957 aka rufe a 2002, waɗanda suka yi shekaru suna jin alkawarin haƙƙoƙinsu. Unguwanni da dama sun ga jan fenti a bango da katafila a bayansa a shekarun rusau. Wanda ya rayu cikin wannan, idan ya ji sanarwar hukuma cewa mazauna bakin kogi su tashi, ba ruwa yake fara tunani ba. Yana tunanin ko wani babba ne ya ga filin. Masu koyar da aikin jarida sukan ce a sauƙaƙa harshe a rage alƙaluma, kuma shawara ce mai kyau, amma babu sauƙin harshen da zai gyara saƙon da aka riga aka yi wa mai kawo shi mummunan zato. Arewa ta koyi wannan da tsada a 2003, lokacin da aka ƙaurace wa allurar shan inna. Abin da ya dawo da mutane shi ne shigar sarakuna da malamai da matan unguwa da aka sani, ba ƙarin takardun masana ba.

Malaman addini na gaɓoɓin biyu suna da rawar da ta fi ta kowane kakakin ma'aikata, saboda akwai ƙulli guda da su kaɗai ke iya kwancewa. Mutane da yawa suna jin hasashen damina kamar shisshigi ne cikin sanin gaibu, ɗan'uwan duba da bugun ƙasa. Amma manomin da ya ga gabas ta yi baƙi ya ce a kwashe shanya ba boka ba ne, haka tsofaffin da ke lissafin damina da taurari, suna cewa an shiga Nasara ko Ɗarfa. Abin da hukumar NiMet ke yi a hasashenta na farkon kowace shekara dangin wannan ne, sai dai idonta ya fi nisa, tana auna zafin teku da tafiyar iska. Labarin Annabi Yusuf, wanda ya tara hatsin shekarun yalwa saboda shekarun fari, yana cikin abin da ake karantawa a masallatan Tudun Wada da majami'un Sabon Tasha baki ɗaya, kuma da Hausa ake wa'azinsa a wurare da yawa na ɓangarorin biyu. Abin da ya rage shi ne a koya wa mai sauraro cewa hasashe magana ce ta rinjaye. Idan an ce akwai yiwuwar ruwa kashi 70 cikin ɗari kuma ba a yi ba, hasashen bai faɗi ba, ranar tana cikin ukun nan na goma. Muddin ba a bayyana wannan ba, kowace rana mai rana hujja ce a hannun mai cewa masana ba su san komai ba.

Lokacin magana ma yana da nasa hukunci. Binciken da masanan jami'ar MIT suka wallafa a 2018 ya gano cewa labarin ƙarya a Twitter yana isa ga mutum 1,500 da saurin da ya ninka na gaskiya kusan sau shida. 'Yan Najeriya ba sa buƙatar MIT ta gaya musu wannan, sun tuna daren Agustan 2014 da aka tashi gari ana wanka da ruwan gishiri ana sha saboda Ebola, har wasu suka rasa rayukansu. Masu tantance labarai irin su Dubawa da Alkalanci suna aiki mai amfani, amma a bayan ƙarya suke tafiya, kuma rubutu suke aika wa jama'ar da murya ta fi kamawa. Masu nazarin halayyar ɗan'adam, irin su Sander van der Linden na jami'ar Kambirij, sun nuna cewa wanda aka gargaɗa tun da wuri game da irin ƙaryar da za ta zo, aka kuma nuna masa lagonta, ya fi jure mata. Ma'anar wannan a Kaduna ita ce watan Yuni ne lokacin bayanin taswirar kogi, a rediyo, a wa'azin Juma'a da na Lahadi, a taron masu unguwanni, a kuma saƙon murya na minti ɗaya daga bakin da aka sani. A ce wa mutane: za ku ji an ce Kamaru, ga dalilin da ya sa ba ta shafe ku ba, ga kuma inda ruwanku ke fitowa. Abin da ya faru a Mokwa a ƙarshen Mayun 2025 ya nuna tsadar jinkiri. Ruwa ya kashe fiye da mutum 150, labarin fashewar madatsa ya riga kowa isa, sai daga baya ministan albarkatun ruwa ya fito ya ce ba daga Kainji ko Jebba ruwan ya zo ba. Tsoron kuwa ba na banza ba ne, tunda watanni tara kafin nan madatsar Alau ta ɓalle da gaske ta shanye Maiduguri.

Ko gargaɗin gaskiya ma yakan zo da girman da ba ya shiga ƙofar gida. Hukumar NIHSA tana fitar da jerin ƙananan hukumomin da ke cikin haɗarin ambaliya kowace shekara. Amma Chikun ƙaramar hukuma ce da ta miƙe daga Nasarawa, a bakin kogi, har Kujama da dazuzzukan da ke bayanta. Cewa Chikun tana cikin haɗari bai gaya wa kowa komai ba. Mazaunin Tirkaniya yana son ya ji sunan layinsa, ya san alamar da ruwa zai kai a ƙafar gada kafin ya ɗauki yara, ya san makarantar da aka buɗe musu, da wanda zai tsare gidan daga ɓarayi in ya bar shi, da kuma tabbacin cewa in ruwan ya janye zai tarar da gidan ba jan fenti a bangonsa. Tambaya ta farko da ta biyu masana suna iya amsawa da ma'auni da gwangwanin fenti. Sauran ukun suna kan teburin hukumar agajin gaggawa ta jiha da KASUPDA da shugabannin ƙananan hukumomin Chikun da Kaduna ta Kudu.